Koren Dutsen Katanga: Yadda Ake Gane Shi da Yi Masa Kuɗi

Kufrosklodoskait ma'adini ne da ba a cika samunsa ba, wanda ya ƙunshi yuraniyom da jan ƙarfe da silika da ruwa. An fara bayyana shi a 1933 daga samfurin Kalongwe, a yankin Katanga na ƙasar Kwango, aka samo sunansa daga na ma'adinin sklodoskait, wanda shi ne aka raɗa wa suna don girmama Marie Curie, wadda sunan gidansu Sklodowska. Samfuran da masu tara duwatsu suka fi rububi kuwa daga mahaƙar Musonoi ta kusa da Kolwezi suka fito.

Kore ne shar, yakan fito a siffar siraran allurai da suka cunkushe cikin ƙananan kogunan dutse. Sai dai launi kaɗai yana ruɗi, domin malakait ma kore ne, kuma ya cika mahaƙun Katanga. Na'urar Geiger, mai gano tururin da yuraniyom ke fitarwa, ita ce ke raba gardama: ana kusanto da ita ga kufrosklodoskait sai ƙararta ta yawaita, alhali malakait zalla ba ya motsa ta. Tobanait, wani koren ma'adinin yuraniyom, yana tayar da na'urar, amma shi faffaɗan ɓawo ne mai kusurwa huɗu. Fitilar ultrabayolet ma tana taimakawa, don otunait, wanda shi ma ma'adinin yuraniyom ne, yana walƙiya a ƙarƙashinta, kufrosklodoskait kuwa ba ya yi, saboda jan ƙarfen da ke jikinsa. Tabbaci na ƙarshe sai a ɗakin gwaji, da hasken eksire.

Wajen ciniki, ba yawan yuraniyom ake saye ba. Ana duba tsawon alluran, da ƙyallinsu, da ko sun karye, da yadda suka zauna a jikin uwar dutsen. Takardar da ke nuna mahaƙar da samfurin ya fito da hannayen da ya bi tana ƙara masa daraja ƙwarai. Wanda ya rasa ta yakan faɗi warwas a kasuwa, ko da kyansa ya kai ina.

Ajiyarsa sai da kula. Alluran suna da saurin karyewa, ƙurarsu kuma guba ce in an shaƙa ko an haɗiye. Dutsen yana fitar da iskar radon, shi ya sa ake rufe shi a akwati, a wuri mai shan iska, nesa da ɗakin kwana da hannun yara, a kuma wanke hannu bayan an taɓa shi.