Abin da ya sa sandar ƙasa kaɗai ba ta isa kare shagon kwano daga wutar lantarki ba

A Kamarawa da ke ƙaramar hukumar Isa, da sauran garuruwan gabashin Jihar Sakkwato har zuwa Sabon Birni, shagon kwano da kwantena su ne mazaunin masu cajin waya da masu sayar da ruwan sanyi. Wutarsu kan fito daga janareta ko sola, ko daga layin Kaduna Electric a inda ya kai. Ko daga ina ta fito, ƙarfinta a soket kusan volt 230 ne, kuma da zarar kaifin kwano ya yanke robar waya, bango da ƙofa da rufi duka sun ɗauki wuta. Wanda ya dafa ƙofa da jiƙaƙƙen hannu, ƙafarsa a ƙasa, shi ne hanyar da za ta bi.

Matakin farko shi ne haɗa duk ƙarafan shagon, har da ƙofa da jikin firji, da waya mai launin kore da rawaya, a ɗaure da noti a inda aka kankare fenti da tsatsa. Daga nan a kai wayar ga sanda mai rufin jan ƙarfe da aka kafa cikin ƙasa.

A nan akasarin masu shago ke tsayawa, kuma a nan kuskuren yake. Ƙasa mai rairayi, musamman da rani, ba ta karɓar wuta da sauƙi. Idan turjiyar ƙasar da ke kewaye da sandar ta kai ohm 100, wutar da za ta zurare amfiya 2.3 ce kacal. Fis mai amfiya 13 ba zai ƙone ba, shago zai ci gaba da riƙe wuta, alhali abin da bai kai kashi ɗaya cikin goma na amfiya guda ba yana iya tsayar da zuciyar mutum. Gawayi da gishirin da masu wayarin ke zubawa a ramin suna rage turjiyar, sai dai gishiri yana cin ƙarfe, damina kuma tana wanke shi.

Abin da ke toshe wannan kafa shi ne na'urar RCD mai miliamfiya 30. Tana auna wutar da ta fita da wadda ta dawo. Idan aka sami giɓi, takan yanke layin cikin ƙiftawar ido. Ƙananan janareta da inbata da yawa kuwa ba a haɗa wayarsu ta nutiral da ƙasa ba, don haka na'urar tana iya ƙin aiki sai ƙwararre ya gyara haɗin daga tushe.

Hukumar NEMSA, wadda dokar 2015 ta kafa, ita ke ba masu haɗa wuta takardar shaidar ƙwarewa. Mai shago yana da damar neman ganin takardar, ya kuma buƙaci a auna turjiyar sandar da rani, lokacin da ƙasa ta fi bushewa.