FITILAR DA KE CIYAR DA MURJANI

'Yan'uwana ɗalibai da iyayenmu masu karanta wannan mujalla, ina so in yi bayani a kan wani abu da ba a saba gani a gidajenmu ba, amma ya haɗa darussan Bayoloji da Fiziks da Lissafi wuri guda. A ƙasashen Turai da Amurka da Japan akwai mutane masu sha'awar ajiye babban tankin gilashi a falo, su cika shi da ruwan gishiri irin na teku, su zuba kifaye masu launi, sa'an nan su dasa murjani mai rai a ciki. Sha'awar kallon halittun ruwa ta daɗe, domin tun a 1853 aka buɗe wa jama'a gidan kallon kifi na farko a gidan namun daji na London. Sai dai kiwon kifi ya fi kiwon murjani sauƙi nesa ba kusa ba. An yi shekaru fiye da ɗari murjani yana mutuwa a hannun masu kiwo, kuma ɗaya daga cikin manyan dalilan shi ne rashin fitilar da ta dace.

Da fari dai, mene ne murjani? Mu abin da muka sani da wannan suna shi ne jan dutsen adon da iyayenmu mata ke sa wa a wuya. Wannan daga Bahar Rum aka fi samo shi, kuma a cikin kogunan dutse da wurare masu duhu yake zaune, ba ruwansa da rana. Wanda nake magana a kai ɗan'uwansa ne, mai gina manyan duwatsu a tekuna masu ɗumi. Akwai shi a Bahar Maliya kusa da Jidda da Port Sudan, har ma da dutsensa aka gina tsofaffin gidajen Jidda da na Suwakin. Mafi girman irin wannan gini yana gaɓar Ostireliya, tsawonsa ya kai kilomita 2,300.

Wanda ya ga murjani sai ya ce dutse ne ko tsiro, alhali kuwa dabba ce. Ƙananan halittu ne dubbai ke zaune tare, kowace kamar 'yar jaka mai baki ɗaya, kewaye da siraran hannuwa. Sukan tsotso sinadarin kalsiyam daga ruwa su gina wa kansu gida mai tauri irin na alli. A cikin naman jikinsu kuma akwai wasu ƙwayoyi dangin gansakuka, waɗanda ido ba ya gani sai da madubin ƙara girman abu. Masana suna kiransu zuzanteli. Waɗannan ƙwayoyi suna yin aikin da ganyen dawa ke yi a gona, watau su karɓi haske su haɗa sukari da shi. Sukan ba murjani kaso mai tsoka na wannan sukari, shi kuwa ya ba su masauki da taki daga abin da jikinsa ke fitarwa. Zaman cuɗe-ni-in-cuɗe-ka ke nan. A wasu irin murjani, abincin da ke zuwa ta wannan hanya yakan kai kashi 90 cikin 100. To, kun ga ashe fitilar da ke bisa tanki ita ce akushin murjani. Wanda ya zaɓe ta don ta ƙawata masa falo kawai, ya bar dabbarsa da yunwa.

Abu na farko da mai saye zai duba shi ne launin hasken. Malaminmu na Fiziks ya nuna mana da gilashi mai kusurwa uku cewa farin hasken rana ya ƙunshi launukan bakan gizo. Idan haske ya shiga teku, ruwa ba ya haɗiye launukan nan a lokaci guda. Ja yake fara shanyewa, kafin a nutsa mita goma kusan babu sauransa. Daga nan sai ruwan lemo da rawaya su bi baya. Shuɗi ne ke nisa ƙwarai, shi ya sa hotunan ƙarƙashin teku duk suke fitowa shuɗaye. Ƙwayoyin da ke jikin murjani da wannan shuɗin haske suka saba, kuma da shi suka fi iya aiki.

Ana auna launin fitila da ma'aunin Kelbin, ana rubuta lambar a jikin kwalinta. Ƙwan lantarki mai rawayan haske na ɗakin kwana yana wajen 2,700. Rana tsaka tana wajen 5,500. Fitilun tankin murjani kuwa daga 10,000 ne zuwa 20,000, kuma gwargwadon hawan lamba gwargwadon shuɗin hasken. A ƙarƙashin rawayan ƙwai murjani yakan fito ruwan ƙasa, ba kyan gani. A ƙarƙashin shuɗi kuwa wasu sukan yi ƙyalli kore ko ruwan lemo, saboda wani sinadari a jikinsu da ke karɓar shuɗin haske ya mayar da shi wani launi dabam.

Abu na biyu shi ne ƙarfin hasken, kuma a nan ne ido ke yaudarar mutum. Idonmu ya fi jin kore da rawaya, shuɗi kuwa yakan yi mana kamar dishi-dishi ko da yana da ƙarfi. Lambar wat da ke jikin ƙwai ita ma wutar da yake ci kawai take nunawa. Saboda haka masu kiwo suna da wata na'ura da ake tsoma kanta cikin ruwa, ta ƙidaya hasken da tsiro zai iya amfani da shi. Ana kiran wannan awo PAR. Tsakar rana a ƙasashe masu zafi irin namu yakan kai wajen 2,000 a sarari. Murjani mai laushin jiki, wanda ba shi da ƙashi mai tauri, 50 zuwa 150 ya ishe shi. Mai rassa kamar ƙahon barewa, irin wanda ake kira Akrofora, yana son 200 zuwa 400, domin a teku ma kusa da saman ruwa yake zama.

Har wa yau haske yana raguwa da nisa. Dokar da muka koya a aji ta ce idan ka ninka nisanka daga ƙaramin ƙwai sau biyu, kashi ɗaya cikin huɗu na hasken ne zai same ka. A tanki mai zurfi, abin da ke isa ƙasa bai kai rabin na sama ba. Don haka ake jera duwatsun ciki hawa-hawa kamar matakala, a ɗora masu son haske a bisa, a ajiye masu son inuwa a ƙasa. Da haka fitila ɗaya za ta wadatar da kowa gwargwadon bukatarsa.

Fitilun da ake amfani da su iri uku ne. Ta farko ita ce halaid, mai ƙwai ɗaya mai tsananin haske, dangin waɗanda aka daɗe ana haska filin ƙwallo da su. Akan same ta mai wat 250 ko 400. Haskenta yana ratsa ruwa mai zurfi, yana kuma yin walƙiya a kan yashi kamar rana a bakin kogi. Aibinta zafi da cin wuta, ga shi kuma sai an sake ƙwan kusan kowace shekara, domin launinsa yana gurɓacewa tun bai mutu ba.

Ta biyu ita ce doguwar fitila siririya da ake kira T5, ƙanwar irin waɗanda aka daɗe ana sa wa a azuzuwa. Kaurinta milimita 16 ne, mai tsawon ƙafa huɗu tana cin wat 54, mai ƙafa biyar wat 80. Akan jera shida ko takwas, a cakuɗa farare da shuɗaye. Haskenta yana bazuwa ko'ina daidai, ba ya barin inuwa a ƙarƙashin rassa. Amma ba ya ratsa zurfi kamar na halaid, kuma ita ma kowace shekara sai an sayi sababbi.

Ta uku ita ce LED, wadda yawancin masu kiwo suka koma wa yanzu. Ba don shuɗin LED ba da ba a same ta ba, kuma wasu masana uku 'yan asalin Japan ne suka ƙirƙiro shi a farkon shekarun 1990, watau Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura. Aikin nan ne ya sa aka ba su kyautar Nobel ta Fiziks a 2014. LED ba ta cin wuta sosai, ba ta dafa ruwa, tana shekaru ba a sake ta ba, kuma ana iya rage ta ko ƙara ta, har a sa ta kwaikwayi fitowar rana da faɗuwarta. Sai dai tana da tsada ranar saye. Kuma da yake haskenta daga 'yan ƙananan ɗigo yake fitowa, yakan taru a tsakiya ya bar gefe da duhu. Shi ya sa wasu ke haɗa ta da T5, kowace ta rufe gazawar 'yar'uwarta.

Bari mu yi ɗan lissafi. A ce tanki yana da tsawon santimita 180, faɗi 60, zurfi 60. Zai ci lita 648, watau durom uku da ɗoriya. Ƙa'idar da masu kiwo ke bi ita ce kowace halaid ɗaya tana haska fili mai santimita 60 tsawo da faɗi, saboda haka uku ake bukata. Uku masu wat 250 sun zama wat 750. In suna ci awa takwas a rana, mita za ta ƙirga yunit 6 kullum, yunit 180 ke nan a wata, ban da kuɗin na'urar sanyaya ruwa da zafinsu zai jawo. In kuwa LED uku ne masu wat 120, suna ci awa goma, yunit 108 ne a wata. Iyayenmu da ke biyan kuɗin wuta sun fi mu gane wannan bambanci. Wanda ya duba farashin ranar saye kaɗai, ya manta da na kowane ƙarshen wata, zai gane cewa araha ba ta ado.

Abu na gaba shi ne lokaci. A yankunan da murjani ke zaune, dare da rana kusan daidai suke duk shekara. Don haka akan kunna fitila awa takwas zuwa goma sha biyu, a haɗa ta da agogon da zai kunna ya kashe da kansa a kan lokaci. Dare ma yana da nasa amfani, domin da dare ne yawancinsu ke miƙo hannuwa su kama ƙananan halittun da ke yawo a ruwa. Barin fitila a kunne har safe don baƙi su gani zalunci ne.

Kada kuma a ɗauka yawan haske shi ne alheri. Kome ya yi yawa ɓaci yake yi. Idan haske ya wuce kima, musamman in ruwa ya yi zafi, ƙwayoyin nan sukan fara fitar da abin da ke cutar da mai masaukinsu, shi kuwa sai ya kore su. Daga nan ya koɗe ya yi fari fat, in ba su dawo da wuri ba yunwa ta kashe shi. Wannan ya faru a teku ma. A 1998 ruwa ya yi zafi murjani ya koɗe a sassa da yawa na duniya, a 2016 kuma haka ta auku a gaɓar Ostireliya, aka yi babbar hasara. A tanki akan tsare zafin ruwa a wajen digiri 25 zuwa 26. Kuma in an sayo sabon murjani ko sabuwar fitila, ba a sakar masa haske gaba ɗaya. A fara da kaɗan, a riƙa ƙarawa cikin makonni. Sannu ba ta hana zuwa.

Akwai kuma kiyaye kai. Ruwan gishiri yana ɗaukar wutar lantarki fiye da ruwan rijiya, saboda haka a rataye fitila sosai yadda ba za ta faɗa ciki ba, kada kuma a taɓa ta da jiƙaƙƙen hannu. Feshin ruwa yakan bushe ya bar gishiri a gilashinta ya tare haske, sai a kashe ta, a bari ta huce, a goge. A inda ake yawan ɗauke wuta, ya kamata a sani cewa murjani zai iya jure duhun kwana biyu ko uku, domin a teku ma ana yin hadari. Abin da ba zai jure ba shi ne tsayawar ruwa. In batir ko janareta ba zai ɗauki kome da kome ba, famfon da ke juya ruwa za a fara ba wa.

A nawa ganin, wanda zai sayi fitilar babban tanki ya bi abin daki-daki. Ya fara yanke shawarar irin murjanin da zai kiwata, sa'an nan ya auna tsawon tankinsa da zurfinsa, kana ya lissafa abin da aljihunsa zai iya ɗauka wata-wata. Bayan wannan ne zai shiga kanti. In kuɗin bai kai na Akrofora ba, ya tsaya a kan masu laushi, su ma suna da kyau, kuma ba za su mutu a hannunsa ba. Duk wanda ya raba dabba da mazauninta ya kawo ta gida, haƙƙin cinta da shanta ya hau kansa, ko akuya ce ko murjani.

Wataƙila kaɗan ne daga cikinmu za su taɓa mallakar irin wannan tanki. Amma ina fata idan mun shiga ɗakin gwaje-gwaje aka ɗauko darasin haske da launi, ko na yadda ganye ke haɗa abinci, za mu saurara da kyau, domin ga inda ake aiki da su har rai ya dogara a kai. Nan zan dasa aya. Allah ya ƙara mana ilmi mai amfani, amin.