Auna kamannin kalmomin karin harshe ta hanyar jerin tarayya mafi tsawo

1. Matsala

Mai nazarin karin harshe yakan tattara ɗaruruwan kalmomi daga Maraɗi, Damagaram da Tawa, sannan ya buƙaci ma'auni guda na kwatanta su. A nan za mu duba jerin tarayya mafi tsawo (plus longue sous-séquence commune), watau haruffan da kalmomi biyu suka yi tarayya a kansu bi da bi, ko da ba su manne da juna ba. Misali: zauna da zamna sun haɗu a kan z-a-n-a. Melamed (1999) ya raba tsawon jerin da tsawon kalmar da ta fi tsawo. A nan 4/5, watau 0,8.

2. Hanyar lissafi

Kalma mai haruffa 20 tana da jeri fiye da miliyan ɗaya, don haka gwada su ɗaya bayan ɗaya ɓata lokaci ne. Dabarar lissafi daki-daki (programmation dynamique), wadda Wagner da Fischer suka yi amfani da ita a 1974, tana buƙatar gidaje 400 kawai. Ana zana jadawali, ana ɗaukar gefensa na sama da na hagu a matsayin sifiri. In haruffa biyu sun dace, sai a ƙara 1 kan adadin gidan da ke kusurwar sama ta hagu. In ba su dace ba, sai a ɗauki mafi girma tsakanin gidan sama da na hagu.

– z a m n a
z 1 1 1 1 1
a 1 2 2 2 2
u 1 2 2 2 2
n 1 2 2 3 3
a 1 2 2 3 4

Gidan ƙarshe ne ke ba da tsawon jerin.

3. Abin lura

Na farko, dole a lissafa sh, ts da hw a matsayin sauti guda: fari da hwari suna ba da 0,6 ta haruffa, amma 0,75 ta sautuka. Na biyu, jerin kan zo fiye da ɗaya: amre da arme suna ba da a-r-e ko a-m-e. Na uku, gida da gada ma suna ba da 0,75 alhali ba su da dangantaka. Dokar Klingenheben ce ke bayyana alaƙar zamna da zauna, ba jadawali ba. Saboda haka aikin lissafin shi ne ya tace kalmomi. Hukunci kuwa yana hannun mai bincike.