Tsohuwar Kyamarar Fim: Abin da Ya Kamata Mai Sayarwa Ya Sani Kafin Ya Ce Ya Sallama

A 'yan kwanakin baya na je ganin gida a Kornaka, sai wata baiwar Allah mai sayar da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa ta aiko a kira ni. Da na isa muka gaisa, ta jawo wata baƙar jaka daga ƙarƙashin gado ta buɗe. Kyamarar ɗaukar fim ce ƙirar Sony PD170, wadda maigidanta marigayi ya yi shekaru yana ɗaukar bukukuwan aure da suna da ita daga Kornaka har Dakoro.

Ta ce mini, "Ɗana, ku ma'aikatan rediyo kun san kayan nasara. Lokacin da Malam ya sayo abin nan, sai da ya sayar da shanu biyu. Yanzu dillali ya zo ya taya abin da bai kai kuɗin tunkiya ba. Ga damina ta ƙarato, ina neman kuɗin iri da taki, kuma dukiyar marayu ce. Cutata zai yi ko kuwa?"

Na ga ya kamata in kawo maganar nan wannan fili, domin kuwa irin jakar nan tana nan jibge a gidaje da shaguna da dama, daga Maraɗi har Kano.

Me ya karya farashin?

Gaskiya ɗaya ce, kuma tana da ɗaci. Kayan ɗaukar hoto ba zinariya ba ne da za a ajiye ta yi daraja. Sun fi kama da atamfar yayi, wadda da zarar sabon zane ya shigo kasuwa sai ta bara ta koma ƙasan tebur. A 1990 aka yi fim ɗin Turmin Danya a Kano a kan kaset ɗin VHS. Daga baya ƙananan kaset na MiniDV suka karɓe kasuwa, irin waɗanda PD170 ke ci. A 2008 kamfanin Canon ya fito da 5D Mark II mai ɗauka a kan kati, kuma cikin 'yan shekaru masu shirya fim suka yi watsi da kaset. A 2016 kamfanin Funai na Japan, wanda shi ne na ƙarshe da ke ƙera na'urar kallon VHS, ya daina. Yau wayar salular da ke hannun 'yarki tana fitar da hoton da ya fi na PD170 tsabta.

Ba ƙananan kyamarori kaɗai abin ya shafa ba. A 2007 kyamarar RED One ta fito a Amurka a kan dalar Amurka 17,500, kimanin miliyan 8 na sefa a wancan lokaci, ba tare da gilashi ko batir ba. Manyan finafinan duniya aka yi da ita, amma yau ana sayar da ta hannu a kan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Saboda haka duk wanda ya kafe sai an ba shi abin da ya kashe shekaru 15 baya, to zai kwana da kayansa, kuma kowace shekara ƙura da zafi suna ƙara cin su.

Amma da tsohuwar zuma ake magani

Faɗuwar farashi ba ta nufin kaya ya zama shara. A 1946 Bafaranshen nan Jean Rouch ya sayi tsohuwar kyamara ƙirar Bell & Howell a kasuwar gwanjo ta birnin Paris, irin wadda ake murɗawa da hannu kamar agogo. Da ita ya bi kogin Kwara cikin kwalekwale, har ya ɗauki masu farautar dorina a yankin Ayorou. Shi ne ya sa Oumarou Ganda cikin fim ɗinsa na 1958 a Abijan, kuma Ganda ne ya ciyo wa Nijar babbar kyautar bikin FESPACO na Wagadugu a 1972. Kun ga ke nan, kayan da wani ya gaji da shi ne ya buɗe wa sinimar ƙasarmu ƙofa. Abin da ake nema shi ne hannun da ke da buƙata.

To, wa ke buƙatar kyamarar kaset a yau? Na farko, masu juyar da tsofaffin kaset zuwa kwamfuta. Dubban bukukuwa suna kwance cikin kaset na MiniDV, kuma sai da na'ura mai rai ake iya karanta su. Na biyu, masu gyara, waɗanda ke neman kayan ciki. Na uku, matasa masu koyon aiki. Dillalin da ya saba da awaki da buhun gero bai san ko ɗaya daga cikinsu ba, shi ya sa tayinsa ya zo ƙasa. Ba lallai mugunta ce ba, kasuwar ce ba tasa ba.

Kafin a kai ta kasuwa

Da farko a nemi wanda ya san aikin ya kunna ta. A cikin tsarin PD170 akwai wurin da ke nuna yawan awoyin da kan na'urar ya yi yana juyawa, kamar kilomitar mota, kuma mai saye na ƙwarai can zai fara dubawa. A saka kaset a ɗauka, a maido a kalla. Idan hoto yana kakkaryewa, kan ya yi datti ko ya gaji. A haska gilashin da tocila a ga ko akwai ƙarzuwa ko fumfuna. A gwada ramin wayar FireWire, domin ta nan hoto ke shiga kwamfuta, idan ya mutu mai juyar da kaset ba zai saya ba. A kuma duba ko tsarin PAL ne irin na Turai da Nijeriya, ko NTSC na Amurka.

Kada a haɗa komai a yi kuɗin goro. Ƙafar kyamara, makirfo, fitila, caja da jaka, kowanne da kuɗinsa, kuma ba su tsufa da sauri kamar uwar. Batir irin na NP-F har gobe masu fitilun ɗaukar hoto suna amfani da shi. Idan kyamarar mai cire gilashi ce, sau da yawa gilashin ya fi jikin riƙe daraja.

Idan akwai aibi, a faɗe shi. Addininmu ya hana ɓoye aibin kaya, kuma kowane ɗan kasuwa ya san cinikin da aka gina kan ɓoyo ƙarshensa gaban sarki ne. Wanda zai tallata ta WhatsApp ko Facebook, kada ya ɗora kaya a mota don an turo masa hoton takardar biya. Sai kuɗi sun shiga hannu. Idan mai sayen daga Nijeriya yake, a tsayar da magana tun farko, da sefa ko da naira. Dukiyar gado kuwa, a yi cinikinta gaban shaidu da sanin magada.

Amanar da ke cikin jaka

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a jakar nan shi ne kaset-kaset da ke ƙasanta. Bukukuwan mutanen gari ne, da matan aure cikin gidajensu, da dattawan da yanzu ƙasa ta rufe musu ido. Wannan ba kayan sayarwa ba ne, amana ce. Da an bi ta dillali, da an tafi da su duka hannun wanda ba a sani ba.

Shawarar da muka yanke ita ce, ƙanen marigayi ya kai kyamarar Maraɗi aka gwada, aka tarar tana karanta kaset lafiya lau. Wani mai shagon bidiyo ya saye ta, bisa sharaɗin sai ya fara juye kaset ɗin nan a kati an mayar wa masu su. Kuɗin bai kai na saniya ko ɗaya ba, amma ya ninka tayin dillali, ya kuma isa iri da taki. Cikin katunan akwai na sunan autanta, inda muryar mahaifinsa ke fitowa daga bayan kyamara yana cewa a matso a yi addu'a.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya sa albarka a kasuwanninmu, amin.