Romon Kaza Irin na Italiya: Hattara da Tukunyar Bayan An Sauke

A birnin Bolonya da ke arewacin Italiya, ranar Kirsimeti ba a fara cin abinci sai da romon kaza, wanda suke kira brodo. Romo ne garai, ruwan zinariya, ba tumatir ba manja, kana iya hango gindin kwano. Yanzu da matanmu ke gwada girke-girken ƙetare, ya kyautu a san yadda ake yinsa, a kuma san inda haɗarinsa yake.

Italiyawa suna da karin magana cewa tsohuwar kaza ita ke ba da romo mai daɗi. Kazarmu ta gida, wadda ta sha yawo a tsakar gida, ta fi ta gidan gona dacewa da wannan aiki. A lokacin biki kuwa fiɗiyayyen zakara Italiyawa ke nema. Ana sa naman cikin ruwan sanyi ne, kamar lita uku ga kaza guda, a ɗora a kan wuta kaɗan. Pellegrino Artusi, wanda littafinsa na girki ya fito a 1891, da romo ya buɗe girke-girkensa, kuma shawararsa ke nan: a fara da ruwan sanyi, a bi a hankali. Da kumfa ta taso sai a kwashe ta da ludayi, a zuba albasa ɗaya da aka soka wa kanumfari biyu, karas, seleri, ƙwayar masoro da ɗan gishiri. Dunƙulen magi ba ya cikin lissafi. Kada a bari tukunyar ta yi ta zaɓalɓala, romon zai yi duhu ya gurɓace. Ya riƙa motsi kaɗan-kaɗan har awa uku, sannan a tace.

Tun kafin a kunna wuta akwai abin lura. Ɗanyar kaza takan ɗauki ƙwayoyin cuta irin su Salmonella da Campylobacter, kuma wanke ta a ƙarƙashin famfo yana fallatsa su kan kwanuka da ganyen da za a ci ɗanye. In dole sai an wanke, kamar kazar da aka yanka aka fige a gida, a yi a cikin roba, a zubar da ruwan a hankali, a wanke hannu da wuƙa da katakon yanka da sabulu.

Babbar matsalar dai tana zuwa ne bayan an sauke. Mutane da yawa na ganin abin da ya yi awa uku a wuta ya gama da kowace cuta. Ba haka ba ne. Akwai wata ƙwaya mai suna Clostridium perfringens da kan dunƙule cikin ɓawo mai tauri, tafasa ba ta kashe ta. Idan romo ya fara hucewa, tsakanin digiri 60 zuwa 5 a ma'aunin Selshiyos, sai ta farfaɗo ta yi ta hayayyafa, kuma babbar tukunya a rufe takan ɗauki sa'o'i tana cikin wannan ɗumi. Ba wari, ba tsami, hanci ba zai gaya miki komai ba. Bayan awa 6 zuwa 24 sai murɗar ciki da gudawa. Abin takaicin, yara da tsofaffi da masu jinya, waɗanda aka fi yi wa romo, su ne abin ya fi kayarwa.

Don haka kada romo ya wuce awa biyu a waje. Da zafin bazara ma awa ɗaya. A rarraba shi cikin ƙananan robobi marasa zurfi, a tsoma su a ruwan sanyi, a sa firji. Kwana uku zuwa huɗu yake yi, in ba a daskarar da shi ba. In an ɗauke wuta, firjin da ba a buɗe ba yana riƙe sanyi kamar awa huɗu kacal. Wadda ba ta da firji ta dafa daidai abin da za a cinye a gida. Duk sanda za a ɗumama, sai ya tafasa sosai.

Ga 'yan'uwanmu da ke zaune a Italiya ko masu zuwa can, a kula da abin da ke iyo cikin romon. Tortellini, 'yar taliyar nan mai cushe da Bolonya ke alfahari da ita har aka yi rajistar girkinta a zauren 'yan kasuwar birnin a 1974, naman alade ne a cikinta. A gida, ƙananan taliya sun wadatar, ko a yi irin na mutanen Roma: a kaɗa ƙwai a zuba cikin romon yana tafasa, a juya da cokali har ya yi zare-zare.