Sun Isa Sidni da Santi 27: Tafiyar da Ta Haifi Lonely Planet

A ƙarshen watan Disamba na 1972, wasu matasa biyu, miji da mata, suka shiga birnin Sidni na ƙasar Ostareliya, jakunkuna a goye, guzuri ya ƙare ƙarƙaf. Da suka lalube aljihu, santi 27 suka samu, kuɗin da bai kai sulusin dala ɗaya ba. Sunansu Tony da Maureen Wheeler, kuma kusan wata shida ke nan da suka bar Landan.

Shi Tony injiniya ne da ya ƙara karatun harkar kasuwanci, ita kuwa Maureen 'yar birnin Belfast ce ta Ailan ta Arewa. Sun haɗu a 1970, suka yi aure a 1971. Shirinsu ba mai tsawo ba ne: su ga duniya, su yi ɗan aiki a Ostareliya su tara na jirgi, su koma gida a ci gaba da rayuwa.

Hanyar da suka bi ta shahara a wancan zamani. Dubban matasan Turai sukan tattara 'yan komatsansu a jakar goyo su nufi gabas ta ƙasa, daga Turkiyya zuwa Iran, Afganistan, Pakistan, Indiya, har Nefal. Babu intanet, babu wayar hannu, saboda haka matafiyi shi ne jaridar ɗan'uwansa. A Istanbul akwai wani gidan abinci da ake yi wa laƙabi da Pudding Shop, inda ake liƙa 'yan takardu a allo: wannan yana neman abokin tafiya, wancan yana cigiyar wanda suka rabu a hanya. A Kabul ana haɗuwa a titin da baƙi ke kira Chicken Street, a Katmandu kuma unguwar Jhochhen ce matattara. A nan ake jin inda masauki ya fi araha, da kan iyakar da ake rufewa da wuri, da motar da za a shiga.

Su Wheeler sun taso ne da wata tsohuwar ƙaramar mota, suka sayar da ita a Afganistan. Daga nan sai bas, jirgin ƙasa da roƙon a rage musu hanya, har suka ratsa Tailan, Maleshiya da Indonesiya. Daga tsibirin Bali suka samu gurbi a wani ƙaramin jirgin ruwa, ya sauke su a Exmouth, can yammacin Ostareliya. Ko a nan da sauran aiki, domin Sidni tana ɗaya ƙarshen nahiyar ne, tazarar dubban kilomitoci.

Masu irin wannan yawo sun sha faɗin cewa ƙarshen tafiya ya fi farkonta wuya. Mutumin da ya saba kwana yau a nan gobe a can, sai ga shi yana lissafin kuɗin haya da neman aiki. Masana ma sun lura da haka. A 1963, John da Jeanne Gullahorn suka bayyana cewa wanda ya daɗe a wata ƙasa yakan sha baƙunta sau biyu: lokacin da ya isa can, da lokacin da ya dawo ya tarar da gida yana nan yadda yake, alhali shi ya canza.

Abin da ya bambanta su Wheeler shi ne yadda suka waiwayi tafiyarsu. Kamar alhajin da ya sauka daga Makka, duk inda suka zauna sai a yi musu caa da tambayoyi. Nawa kuka kashe? Ina kuka kwana? Yaya ake samun biza? Sai suka gane cewa abin da ya rage musu daga tafiyar, wato sanin hanya da farashi, haja ce da ake nema. Suka zauna a teburin ɗakin girkinsu suka rubuta, suka haɗa shafukan da hannunsu. A 1973 ɗan littafin ya fito da sunan Across Asia on the Cheap, bai kai shafi 100 ba. Kwafi 1,500 na bugun farko suka ƙare cikin mako guda.

Ganin haka suka sake saɓa jaka, suka zagaya kudu maso gabashin Asiya, suka fitar da littafi na biyu a 1975, mai launin ɗorawa, wanda ya zama abokin tafiyar matasa na shekaru da dama. Komawa Ingila kuwa ta sha ruwa. Melbon ce ta zama gidansu da hedikwatar kamfanin da suka kafa, Lonely Planet.

Ita hanyar da ta yi musu suna ba ta daɗe ba. Juyin mulkin Afganistan na 1978, juyin juya halin Iran na 1979, da shigar sojojin Tarayyar Sobiyat Afganistan a watan Disamba na wannan shekara, su suka tsinke ta. Matafiya suka karkata zuwa Tailan da maƙwabtanta, littattafan jagora a hannu.

Wannan ma ya zo da nasa ƙorafi. Masu suka suna cewa da zarar an yabi wani ƙauye ko masauki a littafin jagora na Lonely Planet, sai baƙi su yi masa tururuwa, farashi ya tashi, natsuwar da ta sa aka yabe shi ta gudu. Masu kare littafin kuma suna nuna ƙananan masaukai da gidajen abinci da suka samu ciniki dalilinsa.

A 2007 sashen kasuwanci na BBC ya sayi kashi 75 cikin 100 na kamfanin, a 2011 ya sayi sauran. Kafin nan, a 2010, Lonely Planet ya buga kwafinsa na miliyan 100.