Layin da ba a shata ba

A hutun da ya gabata na tsaya kallon ƙwallon ƙafa a filin wata makarantar firamare da ke ƙasar Kiru. Wani ɗan wasa ya kwaso ƙwallo daga bakin layi, ya bugo, aka zura ta a raga. Nan take fili ya kaure da musu: waɗannan na rantsuwa ta fita, waɗancan na cewa tana ciki. Da na dubi ƙasa, sai na ga babu layin ma, domin ƙafafu sun share tokar da aka zuba da safe. Aka tashi baram-baram, wani yaro da fasasshen kai. Na sha jin irin wannan daga Bebeji, Tudun Wada har Doguwa.

Abin ya tuna mini da ƙwallon Amurka, wadda ake rungumewa a ruga da ita. A can, wanda ya kai ta yankin ƙarshen fili, mai faɗin yadi 10, ya ci maki 6. Sai dai a wurinsu layin gefe waje ne: da zarar ƙafa ta taɓa farin fenti, an fita. Wanda ya cafe ƙwallo a gefen yankin, a gasar NFL sai ƙafafunsa biyu sun sauka ciki, a wasan jami'o'i kuwa ɗaya ta wadatar. Suna kuma kafa ɗan turke mai laushi a kowace kusurwa. Idan ɗan wasa ya yi tsalle ya taɓa turken bakin yankin da ƙwallo kafin jikinsa ya sauka waje, ya ci.

A tamu ƙwallon akasin haka ne. Layi cikin fili yake, sai ƙwallo ta haye shi gaba ɗayanta ake cewa ta fita. Shi ya sa aka amince da ƙwallo ta biyu da Japan ta ci Sifaniya a Qatar a 2022, alhali idon masu kallo ya ga kamar ta fita.

Dokokin biyu sun saɓa, amma kowace an daidaita a kanta tun kafin a busa usur. Manomanmu sun san wannan, domin iyakar gona kafin saukar damina ake tabbatar da ita, ba ranar girbi ba.

Kirana ga masu shirya gasa da shugabannin ƙananan hukumomin nan huɗu shi ne su tanadi farar ƙasa, tutoci huɗu da mataimakan alƙalin wasa biyu, a kuma karanta wa kyaftin-kyaftin doka kafin a take leda. Kuɗin wannan bai kai na ɗinkin kan yaro ɗaya da gabar ƙauyuka biyu ba. Tun ran gini, ran zane.